Sunan da Ƙasa Ta Fara Ji

Shekara bakwai na yi da ɗana a duniya ban taɓa kiran sunansa ba. Wanda ya tashi a wajenmu ba zai ga abin mamaki a nan ba, ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi tuntuɓe ya faɗi ba ita ce mai fara tashi ba. "Kai" nake ce masa, in kuma zancensa ya kama in ce "yaron nan". Shi kuwa Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannen babansa suna faɗa, ni kuma ban taɓa gyara masa ba. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna, uwar mijina. Ita ce mai ce masa ango, ita ke ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai, su wuni suna rigimar kuɗin cefane da bai taɓa ba ta ba. Ni dai nawa ido. In na ga ya rame sai in ƙara man shanu a tuwon ɗakin Inna, in yi kamar hannuna ne ya zarce.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke haɗa kafaɗa da gona, ba ka tafiyar minti goma ba ka ga danga ko rumbu ba. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuwa kowane gida da abin da ya dogara a kai. Wasu su nufi Dawanau dako da awo a kasuwar hatsi, wasu su yi ta kai taki gona a mangalar jaki. Gidan mijina gidan ginin tukwane ne. Randa, tulu, kasko, shantali, asusu, duk Malam, mijina, yana ginawa, kuma yaron nan tun yana rarrafe yumɓu ne abin wasansa.

A 1996 azumi ya faɗo cikin sanyi, muka yi ƙaramar Sallah a watan Fabrairu da sauran hazo. Daga nan zafi ya sauko mana gaba ɗaya. Iska ta tsaya cak, leɓe ya yi ta tsagewa, in ka fyace hanci sai ka ga jini. Tun kafin Sallah ake jin ƙishin-ƙishin ɗin sanƙarau, bayan Sallah kuwa zance ya wuce ƙishin-ƙishin. Rediyon Kano kullum sanarwa: a daina cunkoso a ɗaki, a buɗe taga, wanda ya ga wuyan yaro ya ƙage ya garzaya asibiti. Ga kwalara ga ƙyanda, duk a lokaci guda. Na ji sanarwar nan da kunnena ba sau ɗaya ba. Ina so a riƙe wannan, don shi ne ƙashin labarin.

Ranar wata Laraba ce a watan Bawa, ƙarshen Maris. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, Malam yana can bayan gari wajen tukwane. Yaron nan ya dawo daga makarantar allo, ya jingine allonsa, bai nemi kowa da tsokana ba, ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Na dama fura na miƙa masa. Maimakon ya sunkuya kan ƙoƙon yadda ya saba, sai ya ɗago shi da hannu biyu har bakinsa, furar tana zuba a rigarsa. Wata faccalata ta kira shi daga bakin murhu. Ya juyo da jikinsa duka, kamar an ɗaura masa sanda a baya.

Na gani. Wallahi na gani, kuma cikina ya ba da ƙara. Amma faccalolina biyu suna zaune, ga wata baƙuwa tana tsinkar zogale, ni kuma shekarata ashirin da uku, abin da na fi tsoro a duniya shi ne a ce ba ni da kunya. In tashi in tattaɓa wuyan ɗan fari, in yi kururuwa a kira ubansa? In kuma ba komai ba ne fa, da wane ido zan kalli matan gida? Na ce a raina Inna ta kusa dawowa. Na ce masa, "Kai, je ka kwanta." Na koma kan turmi.

Inna ba ta dawo ba sai bayan magariba. Kafin isha jikinsa ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Ya yi amai, ya ƙara. Aka kunna fitilar ƙwai ya fasa ihu, ya ce a kashe, idonsa. Inna ta yi turare, Malam ya karɓo rubutu aka ɗura masa, aka ce a bari gari ya waye, don da daren nan ba abin hawa. Ni ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin, goyon ƙanwarsa a bayana, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Haka na kwana.

Da asuba aka samo a-kori-kura. Malam ya saɓo shi a kafaɗa, kan yaron ya ƙage baya. Da suka zo daidai inda nake sai ya buɗe ido ya ce, "Yaya, kaina."

Na ce, "Sannu."

Maganata ta ƙarshe da shi ke nan.

Ban bi su ba, Inna ce ta bi. Abin da na sani na asibitin daga bakinta na ji: ba gado, mutane a kan tabarmi har gindin bishiyoyi, an rataye ledar ƙarin ruwa a reshe, ma'aikata idonsu ya yi ja don rashin barci. An yi masa wata allura mai kauri kamar mai. Wani ma'aikaci ya tambayi Malam tun yaushe wuyan ya ƙage, Malam ya ce tun dare. Ni kaɗai na san tun azahar ne. Bayan la'asar na jiyo salati daga zaure. Inna ta shigo ba mayafi, don a cikinsa aka naɗo shi. Kafin magariba an kai shi.

Zaman makoki kuwa na Inna ne. Ita ake yi wa gaisuwa, ita ke kuka har da majina, tana cewa angonta ya tafi ya bar ta, mata na ba ta baki. Ni nake ɗebo ruwa a randa ina kai wa baƙi. In an ce mini "Ya haƙuri?" in ce "Da godiya." In an ce "Allah ya sa mai ceto ne" in ce "Amin." Ko ɗigon hawaye ban bari an gani ba. Har na ji wata tsohuwa tana yabona, wai yarinyar nan akwai kunya, akwai tawakkali. Tawakkali! Da ta san abin da ke cikina da ta matsa daga kusa da ni.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. Na ji haushin Inna, don an ba ta izinin kuka ni an hana ni. Na ji haushin 'ya'yan faccalolina da suke guje-guje lafiya lau, har in kawar da kai kada idona ya cuce su. Na fi jin haushin Malam. Rana ta uku, ko gumbar sadaka ba a gama rabawa ba, na hango hayaƙi ya turnuƙe bayan gari. Wai gashin tukwane yake yi. A wajenmu da fasassun tukwane ko itace ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a tura ƙasa, kuma a wannan bazarar kusan kullum sai an zo neman tukunya. Na ce a raina, wato mutumin nan kasuwa ta buɗe masa. Na yi kwana arba'in ina ajiye masa abinci ban kalli fuskarsa ba.

Sallah ban daina ba, don a gidan yawa ba a daina sallah a ɓoye. Amma dungure kawai nake yi. In kabbara, in sunkuya, in tashi, in sallame, ban san me na karanta ba. Da na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ga ƙoƙon furar nan, in sauke. Me zan roƙa? Wanda zan roƙa ya ga abin da na gani da azahar, ya kuma ga na koma kan turmi. Wani lokacin kunyarsa nake ji. Wani lokacin kuma, Allah ya yafe mini, tambaya ce ke taso mini: yara nawa ne a gidan nan, me ya sa sai wanda ban taɓa runguma a gaban mutane ba?

Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Afrilu ba armashi. A shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga saboda annobar, don haka waɗanda suka sayar da shanu suka biya kujera a gida suka yi layya tare da mu. Wani dattijo a unguwarmu har an yi masa rakiya, ya dawo da jakarsa. Ni kuma akwai yadin da na saya da kuɗin ƙuli-ƙulina tun kafin azumi, na ba Inna a ɓoye a kan ta ce ita ta saya wa angonta. An ɗinka rabi ya sa da ƙaramar Sallah, rabin yana jiran babba. Daren Sallar na ciro shi daga adaka na shinshina, ƙamshin sabon yadi kawai, ko ɗumin jikinsa babu.

A daren ne Inna ta same ni. Ban ji shigowarta ba. Can tsakiyar dare, zakara bai yi cara ba, sai na ji an dafa ni. Ta ajiye shantali cike da ruwa a gabana, ta ce, "Tashi ki yi alwala."

Na ce, "Inna, ai na yi isha."

Ta ce, "Na san kin yi. Ina ganin irin sallar da kike yi."

Ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakina. Ta ce mini Malam ba shi ne ɗanta na fari ba. Akwai wata kafin shi, mace, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara huɗu, ita ma haka ta raba ruwa a zaman makoki. Shekara takwas ina gidan ban taɓa jin labarin ba. Ta ce, "Ke yarinya, kunyar nan ta mutane ce. In kin kai goshinki ƙasa ba suruka a wurin, ba faccala. Ki kira shi da sunansa. Ƙasa ba ta da baki." Ta ɗauki ƙanwarsa da ke barci ta fita da ita, ta sakaya mini ƙofa.

Na yi alwala, ruwan shantalin da sanyin yumɓu. Na tayar da nafila. Raka'ar farko yadda na saba, ba komai. Da na kai sujada ta biyu na buɗe baki, sai sunan ya maƙale. Harshena bai san hanyarsa ba. Na gwada, iska ce kawai ta fito. Na sake. A karo na uku ya fito, ƙasa-ƙasa, a cikin tabarma, da warin ƙura a hancina, kuma ban san lokacin da sauran suka biyo baya ba. Na faɗi zancen fura. Na faɗi zancen turmi. Na ce na gani na yi shiru, ga ni, ka yi yadda ka so da ni, amma shi ka riƙe mini shi da kyau, yana tsoron duhu, ba ya cin tuwo sai da ƙanzo. Haka na yi ta zuba shirme, wanda ba malamin da ya taɓa koya wa kowa. Na yi kuka har tabarmar ta jiƙe ta manne mini a goshi. Kiran assalatu ne ya ɗago ni.

Ba zan ce na tashi na ji sakayau ba. Kaina ciwo yake, idona ya kumbura, da safe na ce wa matan gida hayaƙi ne. Abin da ya sauya kaɗan ne: na sami wurin zuwa. Da rana ina nan yadda aka san ni, mai kunya, mai tawakkali. In dare ya raba kuwa sai in ji shantali ya taɓa ƙasa a bakin ƙofata, takun Inna yana komawa. Ba mu sake yin zancen ba har ta bar duniya.

Ana cikin haka maza suka fara binne. Wanda ba manomi ba bai san shi ba: shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a sari rami, a jefa gero, a take da ƙafa, a koma gida a jira. In ruwa ya zo da ƙarfi ka riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, irin ya ruɓe, ka sake. A shekarar duk lokacin da na ji an ce "an tafi binne" sai gabana ya faɗi, in tsaya in tantance wanne ake nufi, na gona ko na bayan gari.

Ranar da Malam ya gama nasa ya shigo ɗakina da ƙura har gwiwa. Ya zauna ya daɗe bai ce komai ba. Can ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan tabarma. Dokin yumɓu ne, bai kai tsawon tafin hannu ba, gasasshe, ja, gefe ɗaya ya yi baƙin wuta. Ƙafafun ba su daidaita ba, kunne ɗaya ya guntule. A wuyan dokin, inda aka matsa don a fitar da kai, ga shatin babban yatsa nan, ɗan ƙarami, har zanen fatar ana gani.

Malam ya ce, "Ranar Talata ya gina shi. Ya saka a cikin wani tulu, ya ce in gasa masa kada in gaya wa kowa, na Yaya ne." Ya yi shiru. "In ban gasa ba, ruwan farko zai narkar da shi."

Hayaƙin rana ta uku ke nan. Daga baya kuma, a bakin matar mai unguwa, na ji cewa duk tukwanen da ya gasa a wannan bazarar ko kwabo bai karɓa ba, maƙabarta ya yi ta kai su. Shi bai taɓa gaya mini ba. Ni ma ban taɓa gaya masa abin da na zarge shi da shi ba, sai dai a daren na kai masa ruwan wanka da kaina, na tsaya har ya karɓa.

Da ruwa ya sauka sosai cutar ta janye, kamar yadda tsofaffi suka ce takan yi. Ƙura ta kwanta, gawo ya zubar da ganye, binnen Malam ya tsiro layi-layi. A watan Yuni muka ji a rediyo gwamnan Kano, Kanar Abdullahi Wase, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Jos. Na tuna Inna tana tankaɗe ta ce, to, ashe ba 'ya'yan talakawa kaɗai ake kira ba. Sai bayan shekaru na ji lissafin annobar: sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Na yi ta juya adadin a kaina, ina tunanin uwaye nawa ne a ciki suka raba ruwa a makokin 'ya'yansu.

Bayan shekara biyu Malam ya bar ni na shiga Islamiyyar matan aure, daga nan na zarce ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu. Wata rana malamarmu tana ba da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta zo kan rasuwar ɗansa Ibrahim, yana ƙaramin yaro. Ta ce ya ɗauke shi, ya sumbace shi, hawaye ya zubo masa a gaban sahabbai, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, shi kuwa ya nuna masa cewa wannan jinƙai ne. A gaban mutane! Na duƙar da kai cikin hijabi. Ashe abin da na ɗauka rabinsa addini ne, al'ada ce tsagwaronta. Ban zama mai zagin al'adar ba, don na ga alherinta: ita ta ba yaron nan kaka da ta so shi kamar ranta, ita ke hana uwa fifita nata a gidan yawa. Amma na san inda iyakarta take. Duk 'yar da na aurar sai na gaya mata, kunya ba ta shiga tsakanin uwa da zazzaɓi.

Lokacin da maganar Pfizer ta cika rediyo, cewa a wannan annobar kamfanin ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Asibitin Zana da ke birni, 11 suka rasu, kamfanin yana cewa cutar ce ta kashe su, iyaye suna cewa ba a yi musu bayani ba, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, mutane sun yi ta tambayata ko namu yana ciki. Ba ya ciki, bai kai birni ba. Na tausaya wa iyayen, amma wani sashe na zuciyata ya ce su dai suna da wanda za su kai ƙara. Ni tawa shari'ar a kan tabarma aka yi ta, dare bayan dare, kuma ban san ranar da na daina zuwa a matsayin mai laifi na koma zuwa a matsayin mai roƙo ba. Na dai lura wata rana ina yi wa 'ya'yan faccalolina addu'a da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaske nake.

Ƙanwarsa, wadda na goya a bakin ƙofa a daren nan, ta haihu namiji shekarun baya kaɗan. Mijinta da Malam suka haɗa baki aka sa masa sunan marigayin, ba wanda ya shawarce ni. Ɗan fari ne, don haka uwarsa "kai" take ce masa. Ni kuma na sami ango.

Da ya cika wata tara ni na ɗauke shi zuwa rigakafi, don yanzu har da ta sanƙarau ake yi wa yara a wannan watan. Layi ya yi tsawo, rana ta take, yara na ta tsala kuka. Da aka zo kanmu ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta jawo rajista ba ta ko ɗago kai ba.

"Sunan yaro?"

Na faɗa.

Ta ce, "Baba, ɗaga murya, ban ji ba."

Na gyara masa zama a cinyata, na sake faɗa, har matar da ke bayana ta ji.